Daga Tabarmar Mai Magani Zuwa Jami'a: Me Malaman Sinadarai Na Yawunde Ke Nema A Cikin Saiwa Da Sassaƙe?

Duk wanda ya taɓa sauka a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde, inda nan ne masaukin Hausawa tun zamanin kakanni, ya san cewa ba tsire da kilishi da shagunan yadi kaɗai ake samu a wurin ba. In mutum ya taka daga nan ya ratsa ta kasuwar Mokolo har ya dangana da unguwar Madagaska, wadda ta ci sunan tsibirin nan na gabashin Afirka, zai yi ta cin karo da masu magani sun baje hajarsu: saiwa da sassaƙe da ganye da gari a ƙulle cikin leda, ga namijin goro, ga masoro, ga kimba da kanumfari. Wasu kayan daga kurmin kudu aka kawo su za a yi arewa da su, wasu kuma daga Kano da Maraɗi suka gangaro.

Abin da da yawa daga cikinmu ba su sani ba shi ne, a kan tudun Ngoa-Ekelle, tafiyar da ba ta fi 'yan mintoci a tasi ba, akwai wasu malamai da suka ƙarar da rayuwarsu a kan waɗannan kaya da muke aunawa da mudu ko mu sayar a buhu. Su ne malaman sashen kimiyyar sinadaran halittu na Jami'ar Yawunde ta Ɗaya. Masu sauraronmu a rediyo sun sha tambayar mu ko mene ne amfanin irin wannan karatu ga ɗan kasuwa. Dalili ke nan da ya sa muka ga ya dace mu ɗan yi wa masu karatu bayani, domin kuwa abin da waɗannan malamai ke yi yana iya ɗaga darajar haja, yana kuma iya kashe kasuwarta ɗungurungum.

Wane irin ilmi ne wannan?

Fanni ne na kimiyya da ke binciken duk wani abu da aka gina shi a kan sinadarin kabon, wato wannan baƙin abu da muke gani a gawayi. Sukari da man gyaɗa da fetur da roba da turare da shuni da kusan kowace ƙwayar magani da ke kanti, duk 'yan gida ɗaya ne a wurin masana wannan fanni. Aikinsu kashi biyu ne. Wasu kan ɗauko tsiro su tsamo sinadarin da Allah Ya ajiye a cikinsa su gano yadda aka ƙera shi. Wasu kuma kan ɗauki wannan fasali su kwaikwaye shi a masana'anta, ba tare da sun sake komawa daji ba.

Kashi na biyun ne ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi. Misali mafi kusa da mu shi ne na baba. Shekaru aru-aru marinan Kano, irin na Ƙofar Mata, da ganyen baba suke rini, kuma fatake na kai tufafin har hamada. Wani malamin Jamus mai suna Adolf von Baeyer ya duƙufa har ya gano fasalin sinadarin da ke ba baba launinsa, sannan a 1897 kamfanin BASF ya fara sayar da shunin masana'anta. Kafin shekara ashirin, noman baba da ƙasar Indiya ke samun kuɗin shiga da shi ya durƙushe, shunin kanti ya mamaye kasuwannin duniya har da namu. Ba yaƙi aka yi ba, ba a rufe iyaka ba. Aikin malamai ne a ɗakin gwaje-gwaje ya yi wannan.

Magabatan fannin a Yawunde

An kafa jami'ar Yawunde a 1962, kuma tun daga shekarun 1970 malaman sinadarai na wurin suka zaɓi hanyar da ta dace da ƙasarsu. Ba su da kuɗin yin gogayya da Turai wajen ƙera sababbin sinadarai, amma suna da abin da Turai ba ta da shi, wato kurmi da duwatsu da dajin arewa cike da tsirran da ba a taɓa bincika ba. Daga cikin waɗanda suka share wannan fage akwai Farfesa Lucas Sondengam da Farfesa Johnson Ayafor da Farfesa Zacharias Tanee Fomum.

Tarihin Fomum ya isa ya nuna yadda doguwar tafiyar take. An haife shi a 1945 a yankin Bamenda. Ya yi digirin farko a kwalejin Fourah Bay ta ƙasar Saliyo, ya yi digirin digirgir a Jami'ar Makerere ta Yuganda, sannan ya dawo gida ya koyar a Yawunde har ƙarshen rayuwarsa. A 2005 Jami'ar Durham ta Ingila ta ba shi babban digirin kimiyya, wanda ba a samunsa sai an tara ayyukan bincike na shekaru masu yawa an auna su. Ya rasu a 2009. Jama'a da dama sun fi saninsa a matsayin mai wa'azin Kirista, amma a duniyar kimiyya an san shi da bin diddigin dangin itace guda, wanda ɗaya daga cikinsu shi ne minjirya, itacen nan mai ƙaya da jan fure da masu maganinmu ke amfani da sassaƙensa. A 1985 shi da Ayafor da Jean Wandji suka buga rahoton wani sabon sinadari da suka tsamo daga ɓawon minjirya, kuma daga baya aka yi ta samun wasu daga 'yan'uwanta na kurmi.

Haka al'adar fannin take: kowane malami yakan kama dangin tsiro guda ya rayu da shi, kamar yadda ɗan kasuwa kan kama haja ɗaya har a riƙa kiran sa da ita. Farfesa Augustin Nkengfack ya yi aiki a kan dangin minjirya, sannan ya faɗaɗa zuwa dangin namijin goro. Farfesa Bonaventure Ngadjui ya shahara a kan wasu ƙananan tsirran ƙasan kurmi da ake kira Dorstenia, inda ya yi shekaru yana aiki tare da Farfesa Berhanu Abegaz, ɗan Habasha da ke koyarwa a Botswana a wancan lokaci. Da aka raba jami'ar a 1993 aka buɗe wasu a Duwala da Dschang da Buea da Ngaundere, sai almajiran waɗannan malamai suka bazu. Shi kansa Ayafor ya koma Dschang, ya rasu a 2000, amma waɗanda ya horar, irin su Farfesa Pierre Tane, sun ci gaba da aikin.

Mu ma Hausawa ba a bar mu a baya ba a wannan fage. Marigayi Dan Dicko Dankoulodo, ɗan Maraɗi, malamin sinadarai ne kafin ya zama ministan ilmi a gwamnatin Diori Hamani, kuma sunansa jami'ar Maraɗi ke ɗauke da shi. A Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ya yi aiki tare da Farfesa Khalid Ikhiri wajen tantance sinadaran da ke cikin tsirran da masu maganin gargajiya na Nijar ke amfani da su.

Yadda aikin yake gudana

Ɗalibin da ke neman digirin digirgir kan fara ne daga inda mu ma muke farawa, wato wurin mai magani ko dattijon ƙauye, ya tambayi wane itace ake sha don wace cuta. Daga nan ya shiga daji ya ɗebo ɓawo ko saiwa, tare da reshe mai ganye da fure. Wannan reshe ake kai wa ma'ajiyar tsirrai ta ƙasa da ke Yawunde, a gwada shi da waɗanda aka adana, a tabbatar da sunansa, domin itace guda na iya samun suna biyar a harsuna biyar, kuma itatuwa biyu mabambanta na iya amsa suna ɗaya a kasuwa.

Sai a shanya ɓawon a inuwa, a niƙa, a jiƙa garin cikin wani ruwan sinadari da ke tsotse abin da ke ciki, a tace, a ƙafar da ruwan har a samu wani abu mai kauri kamar kwalta. Wannan kwalta gauraye ne na sinadarai ɗaruruwa. Don a raba su, akan zuba shi a cikin doguwar kwalba mai kama da bututu da aka cika da wani farin gari mai laushi, a riƙa ɗura ruwa ta sama yana ɗiga ta ƙasa. Kowane sinadari da irin saurinsa, don haka wani kan riga wani fitowa, ana tara su a ƙananan kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Ana iya shafe watanni a kan wannan, kuma daga kilo da yawa na ɓawo, abin da za a samu mai tsabta a ƙarshe sau da yawa bai cika bakin ƙaramin cokali ba.

A nan ne babbar matsalar take. Na'urorin da ke leƙa cikin sinadari su bayyana fasalinsa suna da ɗan karen tsada, suna kuma buƙatar lantarkin da ba ya yankewa. Shekaru da yawa malaman Yawunde sai dai su ƙulle 'yan ƙwayoyin da suka samu su aika Faransa ko Jamus ko Birtaniya ko Botswana, ko kuma cibiyar bincike ta H.E.J. da ke Karachi a Pakistan, inda ɗaliban Kamaru da dama suka je suka ƙarasa aikinsu. A 2016 aka buɗe wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Yawunde da Jami'ar Bielefeld ta Jamus don horar da masu digirin digirgir a kan tsirran da ke yaƙar ƙwayoyin cuta. Wani malamin Jami'ar Buea, Fidele Ntie-Kang, ya tattara dubban sinadaran da aka samu daga tsirran Kamaru da na Afirka ya zuba su a kwamfuta, yadda mai bincike a ko'ina zai iya duba su.

Ita ma hanyar zama malami a fannin ba gajeriya ba ce. Shekara uku digirin farko, biyu na biyu, sannan aƙalla uku na digirgir, ko da yake yakan zarce haka. Bayan nan mutum ya fara daga mataimakin malami, ya hau matakai uku kafin ya zama cikakken farfesa, kuma ba a hawa sai da rahotannin bincike da aka buga a mujallun da masana na duniya ke tacewa.

Inda abin ya taɓa kasuwa

Bari mu ɗauki hajar da kowane ɗan kasuwar kan iyaka ya sani, wato ɗan kamaru, wannan ɓawo da ake sayar wa maza daga Mubi har Sakkwato. Sunansa ma ya faɗi asalinsa. Tun a 1896 wani masani a Jamus mai suna Leopold Spiegel ya tsamo sinadarin da ke aiki a cikinsa daga ɓawon da aka kai masa daga Kamaru, aka sa masa suna yohimbin. Bincike ya tabbatar yana aiki, amma ya kuma tabbatar yana tayar da hawan jini, yana sa bugun zuciya ya ƙaru, kuma ƙarfinsa na bambanta daga wannan ɓawo zuwa wancan. A 2019 Tarayyar Turai ta hana sa shi cikin abinci da abin sha. Saboda haka duk mai sayar da shi, hakki ne a kansa ya tambayi mai saye ko yana da hawan jini ko ciwon zuciya ko na ƙoda, domin riba ba ta kai ran mutum ba.

Misali na biyu shi ne itacen da ake kira pijiyom, wanda ke tsirowa a kan Dutsen Kamaru da duwatsun Oku da wasu tuddan Adamawa. Daga ɓawonsa ake yin maganin kumburin nan da ke tsare wa dattawa maza fitsari. Kamfanin Plantecam, mallakar Faransawa, ya yi shekaru yana sarrafa shi a Mutengene kafin ya rufe a 2000. Da kuɗi suka shigo sai aka faɗa wa itatuwan ana feɗe su tun daga gindi har sama, alhali ƙa'ida ita ce a ɓare ɓangare biyu masu fuskantar juna, a bar sauran har itacen ya warke. Itatuwa suka yi ta mutuwa. A 1995 aka sa shi cikin jerin tsirran da sai da izini ake fatauci da su tsakanin ƙasashe, sannan a 2007 Tarayyar Turai ta dakatar da saye daga Kamaru, ba a sake buɗe ƙofa ba sai bayan 'yan shekaru. Masu sassaƙa da dillalai da masu motoci duk suka ji a jikinsu.

'Yan'uwanmu masu wake ma ba za su manta da 2015 ba, lokacin da Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda an auna an samu maganin ƙwari irin wanda muke kira piya-piya ya wuce ƙima a cikinsa. Ba da ido ake ganinsa ba, ba a jin ɗanɗanonsa, amma na'urar masanin sinadarai ba ta ɓoye shi. Wanda ya zuba don ya tsare buhu goma daga ƙwari, ya jawo wa ƙasa guda asarar kasuwa.

Ba kowane sinadari ne ke zama magani ba

Akwai wata ɗabi'a da ta shigo mana, inda mai magani zai ɗaga lasifika yana cewa jami'a ta tabbatar da maganinsa. Ya kamata a gane cewa kashe ƙwayar cuta a cikin kwalba daban, warkar da mutum daban. A 1987 aka ɗebo ganyen wata kurangar daji daga kurmin Korup da ke kan iyakar Kamaru da Nijeriya, aka kai cibiyar binciken ciwon daji ta Amurka. Aka samu wani sinadari a ciki da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau yaɗuwa a ɗakin gwaji. Murna ta cika ko'ina, har aka fara shuka kurangar. Da aka gwada shi a jikin dabbobi sai aka tarar gubarsa ta yi yawa, dole aka ajiye maganar. Kafin sinadari ya zama ƙwayar da likita zai rubuta, sai an gwada gubarsa, an gwada shi a dabba, sannan a mutane mataki uku, abin da kan ci fiye da shekara goma da maƙudan kuɗi.

Amma fa in an dace, ana dacewa. Kwinin da aka daɗe ana maganin zazzaɓin cizon sauro da shi, daga ɓawon itace wasu Faransawa biyu suka tsamo shi a 1820. Magungunan zazzaɓin da ake ba mu a asibiti yanzu kuwa, tushensu ganyen tazargade ne, wanda wata masaniyar ƙasar Sin mai suna Tu Youyou da abokan aikinta suka tsamo sinadarinsa a 1972, har ta samu lambar Nobel a 2015.

Kura da shan bugu

Tambayar da ta fi damun mu ita ce, in an dace, wa ke cin riba? An daɗe ana yin kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi: dattijo ya nuna itace, ɗan kasuwa ya yi dakon buhu, malami ya ƙone idonsa a kan kwalabe, sannan kamfanin waje ya yi rajistar maganin ya dawo mana da shi cikin kwali.

Akwai misalin da ya nuna ana iya yin adalci. A Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe ta karɓi wani haɗin maganin sikila daga hannun wani limamin coci mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale. Daga cikin kayan haɗin akwai masoro da kanumfari da karan dafi, duk abubuwan da ke kan tabarmar 'yan koli. Aka rubuta yarjejeniya da shi, kuma da aka yi rajistar maganin a Amurka sunansa ya fito tare da na malamai, ciki har da masanin sinadarai Farfesa Joseph Okogun. A 2006 aka ƙaddamar da maganin a Abuja, sai dai kamfanin da aka ba lasisi ya karye bayan shekara biyu, maganin ya yi ɓatan dabo a kanti na wani lokaci. Ilmi ya yi nasa, amma ɓangaren jari da kasuwanci ya gaza, kuma wannan ɓangare namu ne.

Ta fuskar doka an samu ci gaba. A 2010 ƙasashen duniya suka amince da yarjejeniyar Nagoya, wadda ta ce ba a ɗaukar tsiro ko ilmin gargajiya na wata al'umma sai da izininta da kuma rabon amfani. A 2021 Kamaru ta yi tata dokar a kan haka. Don haka in baƙo ya zo rumfarka yana tambayar sunan saiwa da inda ake haƙo ta da yadda ake haɗa ta, ba laifi ba ne ka tambaye shi takardarsa da inda zai kai.

Shawararmu

Ga 'yan kasuwa, mu riƙa sanin ainihin abin da muke sayarwa, mu shanya kaya a wuri mai tsabta kada su yi fumfuna, mu guji gauraya garin gargajiya da ƙwayoyin asibiti, mu kuma daina saye daga hannun wanda ke kashe itace don ya cika buhu. Ƙungiyoyinmu na kasuwa, daga Briqueterie zuwa Garuwa da Kurmi da Dawanau, suna da ƙarfin da za su aika wakilai jami'a su nemi a auna masu hajarsu, kafin wani ya auna ta a tashar jirgin ruwa ya dawo da ita. Masu hali kuma su sani cewa tazarar da ke tsakanin buhun sassaƙe da kwalin magani, masana'anta ce, kuma ba malami ne zai gina ta da albashinsa ba.

Ga iyaye kuwa, yaron da ya tashi a gindin tabarmar magani ya riga ya san abin da ɗan birni zai yi shekaru yana koyo: ya san ɗacin maɗaci, ya san ƙamshin kimba, ya san saiwar gaske da ta jabu. In Allah Ya ba shi kan lissafi da kimiyya, kada a cire shi daga makaranta don ya tsare shago. A bar shi, namiji ko mace, ya kai Ngoa-Ekelle ko Ngaundere ko Zariya ko Maraɗi. Ko bai zama farfesa ba, akwai aiki a hukumomin da ke tantance ingancin magani, irin su LANACOME a Kamaru da NAFDAC a Nijeriya, da masana'antun mai da sabulu da turare. Ranar da ɗan mai magani zai tsaya a gaban na'ura yana karanta sirrin saiwar da kakansa ya haƙo, ranar ce ribar za ta fara tsayawa a gida.

Allah Ya sa mu dace, Ya kuma sa albarka a kasuwa.